Jiga Nawa Ke Isar Muryar Iya

Daga Kona, zuwa ga ɗiyata Uwani a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya sa kin sauka lafiya, ya haɗa ki da abokan zama nagari a makarantar ungozoma, ya tsare ki daga sharrin hanya da na gari. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Labarin gida ba zan cika ki da shi ba. Hatsi na rumbu, awaki na turke, ni kuma ina nan yadda kika bar ni.

Ranar da na raka ki tashar Tasawa kin yi mini tambaya biyu ta tagar mota. Kika ce, "Baba, tablet mai jiga nawa zan saya?" Kika ƙara da cewa, "Kuma ka tura mini maganganun Iya da ka ɗauka, da su nake so in rubuta memwar, wato kundin ƙarshen karatu." Ni kuwa na kama kunne kamar ƙarar mota ta hana ni ji, na ɗaga miki hannu na ce Allah ya kiyaye hanya. To, na ji ki sarai. Kunya ce ta toshe mini baki, shi ya sa na zaɓi takarda, don ita ba ta kallon idon mutum.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, balle ga mai koyon aikin ungozoma. Muryar Iya, kakarki kuma takwararki, ba ta cikin tablet ɗina. Shekara biyu ke nan ba ta ciki, kuma ni na jawo. Kada ki yi kuka tukuna, ki karanta har ƙarshe. Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce, kuma hanya mafi sauƙi da zan amsa miki ita ce in jera miki wautar da na tafka, ɗaya bayan ɗaya.

Kuskurena na fari shi ne na sayi kwali, ban sayi tablet ba. Shekarar da na ajiye alli, bayan na gama yawon koyarwa daga lakwal, wato makarantar boko, ta Hawandawaki zuwa ta Attantane, na je Mayahi sunan jikan wani abokina, sai aka yi dace ranar kasuwa ce. Na tsaya gaban wani mai tebur, ya shimfiɗa salula da tablet suna ta ƙyalli a rana. Da ya ji ana ce mini mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, sai ya miƙe tsaye, ya ɗauko mafi girma a ciki.

"Mushe, wanga ai ba tablet ba ne, biro ne guda, ofis sukutum," in ji shi. "Dubi lambar da anka rubuta bisa kwali. Jiga ɗari biyu da hamsin da shida. Ko littattafan Yamai duka ka zuba, bai cika ba."

Na dubi lamba, ta yi mini daɗi. Na ce ya buɗe in gani, ya ce in an yage leda ya zama tsoho. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara lissafi, ina ce musu su riƙa duba amsa sau biyu, na rungumi kwali na hau mota ina murmushi. Daga baya aka gano abin da ke ciki bai wuce jiga goma sha shida ba, kuma rabi na'urar ta riga ta cinye da kayanta. Lambar kwali kuwa mai buga kwali ne kaɗai ya san inda ya samo ta.

Saboda haka, Uwani, ki tuna yadda innarki ke sayen wake. Ba ta duban saman buhu, hannu take cusawa har ƙasa. Ki sa mai shago ya kunna miki, ki shiga wurin saiti ki ga abin da na'urar ke faɗa da bakinta. Ko ita ma wani sa'in tana ƙarya, don haka ki gwada ta a gabansa: ki ɗauki hoto, ki ɗauki muryarki ki saurara, ki buɗe abu uku ko huɗu ki riƙa komawa daga wannan zuwa wancan. In ya ce ba a buɗe kwali, ki ce masa sai an jima, ki yi gaba.

Abin da ya sa na sayi tablet tun farko Iya ce. Kin san rabin mutanen Kona ita ta yanke musu cibiya, kuma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, duk saninta a kanta yake. Na ga ƙarfinta yana raguwa, sai na ce bari in riƙa ɗaukar maganarta. Kullum da hantsi, in ta sha fura, sai mu zauna gindin bishiyar bedi ta tsakar gida in ajiye tablet kusa da ƙafarta. Ita allon Nasara take ce masa. Ranar farko ta daɗe tana hararsa, sannan ta ce:

"Kai ɗan boko, wanga allo naka, in na mutu shina iya magana?"

Na ce yana iyawa, Iya.

"To ka hwaɗa mishi ya riƙe da kyau. Ni ba ni maimaitawa."

Daga nan ta fara. Yadda ake gane naƙuda ta gaskiya da ta ƙarya, yadda ake lallashin mai haihuwar fari, abin da ake ce wa miji in ya cika zirga-zirga a ƙofar ɗaki, da waƙar da take yi wa jariri in tana masa wankan farko. Har labarin ranar da aka haife ki ta bayar, da yadda kika fito kina tsala kuka kamar an ci bashinki.

A nan kuskure na biyu ya fito. In tana magana ta ambaci wani ganye, na ce bari in ɗauki hotonsa, sai tablet ya sandare, ɗaukar murya ta katse. In dawo in ce, "Iya, sake faɗa," ta ce ai ta gaya mini tun farko. Na ɗauka zafin rana ne, har fifita na riƙa yi masa da mafici. Da abin ya ishe ni sai na kai shi wurin Habu, taubashina ɗan gwaggona, wanda ke gyaran rediyo da salula kusa da tashar Tasawa. Kin san tsakanina da shi ba a raga wa juna. Ya juya tablet gaba da baya, ya latsa nan ya latsa can, sai ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Mushe guda, an saida mishi jaki an ce doki ne," in ji shi. "Zamna in yi maka lakwal yau. Memwar ta na'ura, wato ma'ajiyarta, iri biyu ce. Akwai rumbu, akwai faifai. Rumbu shi ne inda kake aje kaya, hoto da murya da littafi. Faifai shi ne inda na'ura ke aiki, su masu abin suna ce mishi ram. Naka faifan jiga ɗaya ne tak. In ka ɗora hoto bisa, sai murya ta zube ƙasa. Ko rumbunka ya kai masallacin Juma'a girma, in faifan matarka marfin kwalba ne, yaushe za a ci tuwo?"

Na ce to a ƙara mini faifan. Ya ce ba a ƙarawa, da shi aka haifi na'urar, da shi za ta mutu. Rumbu ne kaɗai ake iya yi wa ƙari da ɗan kati.

Ga amsar tambayarki ta fari, kuma da guminmu ni da Habu aka samo ta. Lamba biyu za ki tambaya, ba ɗaya ba. Faifai, wato ram, kada ki yarda da ƙasa da jiga huɗu. Huɗu sun ishi mai karanta littattafai, mai rubutu, mai ɗaukar muryar malami a aji. Wanda ya fi haka na masu wasanni ne da masu haɗa fim, ke kuma ba wannan ya kai ki Damagaram ba. Rumbu kuwa jiga sittin da huɗu ya ishe ki zama lafiya. Talatin da biyu zai matse ki tun shekarar farko, don na'urar kan cinye kaso mai yawa kafin ki zuba komai. In kin san za ki riƙa ajiye bidiyon darussa da yawa, kuma hali ya yi, ki ɗauki ɗari da ashirin da takwas. Sauran abubuwan da za su yi ta lissafa miki, ido uku na hoto a baya, launin zinariya, sirantaka kamar wainar fulawa, ki saurara da ladabi ki bar musu. Ki tambayi batir ko yana kai yini, ki fita da shi ƙofar shago ki ga ko ana iya karatu cikin haske.

Kafin in bar rumfar Habu ranar, ya yi wani abu da ban ba shi muhimmanci ba. Ya ɗauko ɗan katin memwar, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ya kwafe zama uku na farko da muka yi da Iya ya zuba a ciki. Ya yagi takardar kaye, littafin rubutu, ya naɗe shi, ya ɗaure da baƙin zare don kada ya ɓace. Ya ce, "Aje wanga inda ɓera bai zuwa." Na jefa aljihun babbar riga, muka tafi cin tsire, ban sake tuna shi ba.

Na ci gaba da ɗaukar Iya har ƙarshen rani, ba hoto, murya kaɗai. Da damina ta tsaya Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Bayan rasuwarta na kasa buɗe maganganun. In na kai yatsa sai in janye. Na ce bari sai zuciya ta yi sanyi.

Kuskure na uku shi ne wanda in Habu ya tuna har yau sai ya ajiye abin da ke hannunsa don dariya. Tablet ya fara fito mini da rubutu cewa memwar ta cika. Na yi tunani irin na masu ilimi, na ce ai jiga jiga ce. Tunda da jiga ake auna memwar, kuma ga jiga ana sayarwa a kowane shago, me zai hana in ƙara masa? Na je na sa jigar rezo, wato ta shiga intanet. Washegari rubutu ya dawo. Na ce lallai ban sa da yawa ba, na ƙara. Ashe duk jigar da na zuba, ƙofa nake buɗe wa gurup-gurup ɗin da aka jefa ni ciki, na tsofaffin malaman lakwal, na dangi, na 'yan unguwa. Hotunan furannin barka da Juma'a suka yi ta sauka, da bidiyon bukukuwan mutanen da ban sani ba, da wani bawan Allah da raƙumi ya kayar, wanda mutum huɗu suka turo mini shi daban-daban. Ina sayen magani, ashe ciwon nake ciyarwa.

Ki riƙe wannan da kyau, don na ga masu digiri ma suna faɗawa ciki. Jigar rezo ruwa ce da kike saya wurin mai ga-ruwa, jigar memwar kuwa randa ce. In randa ta cika, ƙarin ruwa ba ya ƙara mata girma. Ranar da kika sayi tablet, ki shiga saitin gurup-gurup ki hana hoto da bidiyo sauka da kansu. Wanda kike so ki taɓa shi da hannunki, sauran ki bar su can inda suke. Ba rashin zumunci ba ne.

Yanzu ga na huɗu, wanda ba na dariya ba ne. Wata safiya rubutun ya sake fitowa, ƙarƙashinsa da wani maɓalli mai hoton tsintsiya, an rubuta netwaye, wato share. Na ce madalla. A saninmu shara datti take kwashewa, ba wanda ya taɓa share tsakar gida ya haɗa da turmi. Na latsa. Ya jero mini abubuwa ya ce waɗannan su ne manya da aka daɗe ba a buɗe ba, ya tambaye ni ko in share. Ban karanta sunayensu ba, don lambobi ne kawai, ban taɓa raɗa wa ko ɗaya suna ba. Na ce e. Ya sake tambaya ko na tabbata, har na ji haushinsa, na ce e. Tablet ya yi sauƙi, ni ma na ji daɗi. Sai bayan kwana goma, ranar da zuciyata ta yarda in saurari Iya, na buɗe na tarar wayam. Manyan da aka daɗe ba a buɗe ba, ashe ita ce. Mutumin raƙumi kuwa yana nan, duka huɗun.

Na hau kabu-kabu na nufi Tasawa. Habu ya yi iya ƙoƙarinsa tun hantsi har azahar, ya ce sababbin furannin Juma'a sun riga sun hau kan wurin. Tun muna yara ban taɓa yin wauta ya ƙyale ni ba sai ranar. Ya zuba mini shayi. Can ya ce, "Ina katin da na ba ka?" Na dawo gida na zazzage aljihun kowace riga, na birkice akwati, na ɗaga katifa. Innarki ta tambayi abin da nake nema, na ce wata takardar aiki ce.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Duk abin da kika ɗauka mai daraja, ki raɗa masa suna ran nan, kamar yadda ba a barin jariri ba suna. In na'ura ta tambaye ki ko kin tabbata, ki tsaya ki karanta, ba raini take yi miki ba. Kuma abin da ke wuri ɗaya kaɗai, ki ɗauka ba ki da shi, sai kin kwafe shi wuri na biyu.

Kuskure na biyar ya fi sauran tsawo, don shekara biyu na yi ina tafka shi kullum. Na yi shiru. In kin tambayi maganganun Iya in ce batir ya mutu, ko in ce sai an samu lokaci. Ina jin nauyin a ce mushe, wanda gari ke kawo wa takarda ya karanta, shi ya share uwarsa da tsintsiya. Da na dawo daga raka ki, na ga ɓoyon ya isa haka. Washegari da safe innarki tana dama fura, na zauna bakin tabarma na zayyana mata komai, tun daga Mayahi har katin Habu. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, wai shi ne abin da kake birkice mini ɗaki dominshi? Wani ɗan ƙunshi da baƙin zare?"

Na ce shi ne.

"Ai ranar da zan wanke babbar rigarka na tsince shi. Na tambaye ka mi ne ne wanga, kana can kana latse-latsenka, ka ce na Iya ne, in aje. Ni kau na ɗauka laya ce ta ba ka. Wa ke buɗe laya? Na kai ma baduku ya rufe ta da jar fata."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce tana ina?

"Tana Damagaram," in ji ta, ta ci gaba da damunta. "Na ce tunda yarinya aikin kakarta za ta koyo, layar kakarta ta raka ta. Tana cikin aljihun jakarta na ciki, ƙarƙashin ƙullin turaren wuta. Da ka buɗe baki tun bara waccan, da ba ka sha wahala ba."

Ban san ko dariya na yi ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Matambayi ba ya ɓata, Uwani, ni kuwa na ɓata cikin ɗakina, amsa tana kwana kusa da ni. In kin yi kuskure a makaranta, musamman a ɗakin haihuwa inda rai ke hannunki, ki faɗa tun da zafinsa. Ki faɗa wa na sama da ke, ki faɗa wa na ƙasa da ke, don ba ki san wanda ya tsinci abin da kika yar ba.

To ga abu na ƙarshe da za ki duba a jikin tablet, kuma a wurina ya fi duk lambobin da na lissafa. Ki tabbata yana da ƙofar katin memwar, don yanzu akwai masu tsada da ba su da ita. In kin saya, ki zauna wuri mai haske, ki shimfiɗa farin ƙyalle, ki ɗauko layar nan. Ki bi ɗinki da reza a hankali, zare kaɗai za ki yanke, kada ki shiga tsakiya. Ban sani ba ko katin yana da rai. Ya sha zafin shekaru, kuma ban san inda allurar baduku ta bi ba. In ya mutu, ki yafe mini, in kin zo hutu mu zauna da innarki da tsofaffin da suka yi aiki da Iya, ki rubuta abin da suka riƙe. In kuwa yana da rai, zama uku ne a ciki, har da waƙar wanka da labarin haihuwarki. Ki kwafe su wuri biyu kafin ki tashi daga inda kike zaune, sannan ki turo mini. Na yi kewarta ƙwarai. Ko "kai ɗan boko" ɗin nan kaɗai na sake ji, ya ishe ni.

Ta ce ba ta maimaitawa, kuma a sanina ba ta taɓa saɓa maganarta ba. Amma ke takwararta ce, ba ta iya hana ki komai tun kina goye. Wataƙila saboda ke ta yarda ta sake faɗa.

Allah ya tsare ki fita da shiga, ya kare ki daga ciwo da mugun abokin shawara, ya sa albarka a karatunki, ya ba hannunki sa'ar hannun Iya. Allah ya dawo mana da ke gida lafiya.

Ni ne babanki,
Mushe Lawali